Daddawar Tabawa a Tsibirin Santi

Ga ta nan tafe, ku gyara zama. A Tudun Ɗorawa aka yi wata katantanwa, ƙatuwa kamar ƙwaryar fura, wadda ta haɗiye mai jego da rana tsaka.

Mai jegon sunanta Lantana, 'yar Tabawa mai daddawa. Haihuwar fari ce, don haka ta dawo gaban uwarta wankan jego. To yarinya ce mai son kallo, ga ta an kulle a ɗaki, daga ruwan zafi sai kunun kanwa. Rannan wani ɗan koli da ba wanda ya san shi ya tsaya a zaure. Ta leƙa ta sayi sabulu, ya miƙo mata katantanwar nan gyara, ya ce, "Kara a kunne, ki ga duniya."

Tabawa tana bakin murhu, ta ƙulle kayan miya a gefen zani, daddawa da barkono da ɗan gishiri, ta ɗauki buta za ta kewaya, sai ta ji kamar ana ruwan sama a cikin ɗaki. Ta leƙa. Ga jariri a kan gado, ga katantanwa a tabarma, ga ruwa kwance a ƙasa yana ƙarnin kifi, ga takalmi wari ɗaya. Mai jego babu.

Jariri ya farka ya sa kuka. Aka ba shi nonon akuya ya furzar. Aka ba shi ruwan zuma ya kau da kai. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe, sai baki yake buɗewa kamar ɗan tsako. Tabawa ta kara katantanwar a kunne, sai ta jiyo dariyar 'yarta can cikin rugugin ruwa.

Ta ce, "Au, dariya ma take yi."

Ta miƙa wa maƙwabciyarta Kyallu jaririn ta kan katanga, ta ce, "Riƙe min shi, zan je in dawo da waccan." Lantana 'yar fari ce, Tabawa ba ta taɓa kama sunanta da bakinta ba. In tana kusa ta ce ke, in ta yi nisa ta ce waccan.

Ta gyara ɗaurin zani, ta riƙe butarta, ta yi bisimilla, ta danna kunnenta cikin katantanwar. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi.

Sai ga ta tsaye a kan farin rairayi. Ruwa gaba, ruwa baya, shuɗi shar ba iyaka, babban tekun nan ne da 'yan boko ke ce wa Fasifik. Itatuwan kwakwa sun sunkuyo, can tsakiyar tsibirin wani dutse yana ta hayaƙi. Abin da ya fara yi mata maraba wari ne, ƙarni mai nauyi kamar an kwana uku ba a wanke tukunyar kifi ba.

Rairayin ya motsa. Wani aljani ya fito daga ciki, dogo kamar giginya, kansa na mutum, hannuwansa na ƙaguwa, gemunsa koren gansakuka yana ɗigar ruwa. Ya rusuna.

"Maraba da ke, ya 'yar Adam, a Tsibirin Santi. Ni ne Sarkin Rakiya, mai zagayawa da baƙi tun ranar da teku ya tofo wannan ƙasa. Matso mu gaisa irin gaisuwarmu."

Ya miƙo hanci zai goga a nata. Hancin nan yana naso, wani abu fari yana leƙe a ƙofarsa. Tabawa ta ja da baya ta tare da buta.

"Ranka ya daɗe, a garinmu mace ba ta haɗa hanci da namijin da ba muharraminta ba. Ina wuni daga nan."

"Uzurinki ya karɓu. Me ya kawo ki?"

"Uwar jariri na zo ɗauka. Ta bar ɗa yana neman mutuwa da yunwa."

Aljanin ya kaɗa ƙahonnin hannunsa ƙas, ƙas. "Sai Sarki Murjanu mai tsibirin ne zai ba ki ita. Ba a ganinsa sai an gama zagayen tsibiri, kuma ƙofar da kika shigo za ta rufe idan ruwa ya dawo bakin gaɓa. Ki saurari dokokinmu, biyu ne. Baƙon da ya kushe abinmu, bakin wancan dutsen ne makwancinsa. Wanda kuma daɗin abin wani ya kwashe shi har ya yi santi, to ya zama na mai abin, har abada. Wannan doka ta hau kan kowa, mutum da aljan."

"Ita waccan me ta yi?"

"Ruwan kwakwa aka ba ta. Tun ba ta sauke ƙoƙon ba ta ce wallahi ita da kunun kanwa har abada."

Tabawa ta ce a ranta, wannan kam ba ƙarya aka yi mata ba, ita ce. A fili ta ce, "To mu je, rana na yi."

Ya rataya mata sarƙar furanni a wuya. Ba ta yi taku goma ba ta ji furannin suna tafiya. Ashe kowane fure da tsutsarsa a ciki, fara, mai kitse. Ta zare sarƙar a hankali ta rataya wa butar.

"Buta ma baƙuwa ce," in ji ta.

Suka shiga kwalekwale, wasu kifaye masu fuskar tsofaffi suka ja su. Ruwan garau, ana ganin ƙasa. Sarkin Rakiya ya miƙe yana nuni.

"Dubi lambun Sarki, ya 'yar Adam. Sarakunan duniya sun sayar da rawunansu don su gan shi."

Ta duba. Duwatsu ne ja da rawaya masu rassa, amma duk abin da ke cikinsu yauƙi yake yi. Wani abu kamar tulin hanji yana numfashi. Wani mai hannuwa takwas yana tsotsar dutse. Wani kuma baƙi, dogo, kwance a rairayi, ita dai ba ta ga marabarsa da abin da ake bari a bayan gari ba. Aljanin ya tsoma hannu ya ɗauko shi, ya matsa, abin ya amayo farin zare.

"Wannan shi ne abincin manya. Me kika gani?"

Yawu ya taru mata a baki, ba halin tofarwa. Ta haɗiye.

"Ikon Allah," ta ce.

"Yabo ne ko kushe?"

"Ikon Allah dai. Ko ba ikonSa ba ne?"

Aljanin ya fizgo wani kifi ya yanyanka shi da rai, ya zuba masa ruwan kwakwa ya miƙo mata. Naman yana motsi a cikin ƙoƙon.

"Alhamdu lillahi, na ci ɗumame kafin in fito," in ji Tabawa. Gaskiya ta faɗa, ta ci.

Suka sauka a wani gefe suka shiga kogo. Sama jemagu ne, kowanne kamar ɗan akuya, sun rataye suna kallonta. Ƙasa kuwa kashinsu ne, laushi, ɗumi, har ƙwauri. Ga kyankyasai suna wasan tsere a ciki. Tabawa ta tattare zani, tana tafe tana karanta duk abin da ta haddace tun tana yarinya. Wani jemage ya saki nasa, ya sauka a kan kallabinta.

"Kin yi sa'a," in ji Sarkin Rakiya. "Wanda ya samu wannan, a wurinmu alamar arziki ce."

"Allah Ya ba mai rabo," in ji ta.

Suna fita sai ga wani fili, tafkuna ne na taɓo suna tafasa, suna fitar da iska mai warin baragurbi. Mutane ne zaune a ciki har wuya, farare da baƙaƙe da jajaye, daga kowace ƙasa ta duniya. Sun shafe fuska da taɓo, haƙora a waje, murmushin ya bushe musu a fuska. Wani tsuntsu ya yi sheƙa a kan wata mata. Wani mutum kuma gansakuka ta tsiro masa a kunne.

"Su wane ne waɗannan bayin Allah?"

"Baƙinmu ne da suka yi santi. Sun zo kallo, yanzu su ake kallo. Ko za ki shiga? Yana gyara fata."

"Tawa fatar ta riga ta gama gyaruwa, ranka ya daɗe. Mu ƙara gaba."

Amma ta dinga leƙa fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ba 'yarta a ciki.

Daga nan sai hawan dutse. Hanya siririya kamar zaren lilo, dama rami, hagu rami, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Matsattsaku suna faɗowa daga ganye suna kama mata ƙwauri, tana fizge su tana jifa. Takalminta ɗaya ya narke, ta bar shi nan. Suka kai ƙoli, ta leƙa. Wuta ce ja tana juyawa kamar tafasasshen manja, tana gyatsa, kowace gyatsa da warinta. A gefen ramin ga takalma da huluna zube, na waɗanda bakinsu ya jawo musu.

"Wannan ne Maƙogwaron Kaka, abin alfaharinmu. Faɗi abin da ke ranki."

Dutsen ya yi wata gyatsa, tururin ya daki fuskarta. Bakinta ya kuɓuce.

"Tir..."

Aljanin ya juyo, hannuwansa a buɗe.

"...ƙashi! Tirƙashi! Allah Ka tsare mu da wutar gobe."

"Amin," in ji aljanin, ba da son ransa ba. Ya mai da hannuwansa.

Ta hango teku daga nan sama. Ruwan da ya janye ya fara rarrafowa. Ta tuna bakin jaririn nan yana buɗewa ba murya. Ta ce, "Saura ina? Ka ɗaga ƙafa, ba yawon sallah na zo ba."

Suka gangara ta bayan dutsen, sai wari ya yanke kamar an rufe ƙofa. Wata matsirga ce, ruwa yana zubowa daga sama fari tas kamar an kwance rawani, yana taruwa a wani kwarmi mai duwatsu masu santsi. Iska mai sanyi, inuwa, tsuntsaye kore da ja. Tabawa ta ɗanɗana ruwan, babu gishiri, ya fi na randar ƙasa sanyi. Tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin ruwa irin wannan ba, ita da ta tsufa tana jan guga a rijiya mai gaba ashirin.

Ta wanke kallabi, ta wanke ƙafafu, ta cika buta ta yi alwala, ta duba rana ta yi azahar a kan wani faffaɗan dutse. Da ta sallame, sanyin nan ya ratsa ta har ƙashi. Ta ji wata magana tana taso mata daga ciki, mai daɗi, tana neman hanyar fita. Sarkin Rakiya ya matso, ya karkato kunne.

"Faɗi, ya 'yar Adam. Ba wanda ya taɓa wuce nan bakinsa a rufe."

Ta buɗe baki. Sai idonta ya faɗa bayan ruwan.

Ga Lantana zaune a kan dutse, an cire mata kallabi, an tsefe kitson, an cusa furanni. An ɗaura mata wani buje na ciyawa a kan zaninta. Tana murmushin nan irin na mutanen taɓo. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nono, yana ɗiga a kan dutse, tururuwa sun yi layi suna sha, ƙudaje sun baibaye ta. Wasu aljannu sun kewaye ta suna nuna ta da yatsa, ana ce musu ga sabuwar da aka samu.

Maganar mai daɗi ta koma inda ta fito. Nonon da ɗa ke can yana mutuwa dominsa, shi ne tururuwa ke wasa da shi.

"Ke!" in ji Tabawa. "Ke! Tashi ki rufe kanki!"

Lantana ta dube ta kamar ta ga kututture. Ta ce, "Kin sha ruwan kwakwa kuwa?"

Tabawa ta juya ga aljanin. "Na gama kallo. Kai ni wurin mai garin."

Fadar Sarki Murjanu rumfa ce ta ganyen kwakwa, faɗinta ya yi kasuwa. Ana ta biki. Aljannu sanye da ciyawa suna karkaɗa ƙugu, maza da mata a cakuɗe, ba mai jin kunyar wani. Wasu sun tone rami suna fito da wani abinci da aka binne tun bara, ya yi kore, yana kumfa. A tsakiya kuma tsofaffin aljannu ne zaune sun kewaye akushi, suna tauna wata saiwa, in ta yi laushi su tofa a ciki, a zuba ruwa a dama da hannu. Shi ne abin shan girmamawa.

Aka zaunar da Tabawa a gindin wata kwakwa, aka ce ta jira. Can sai ga kwano daga wurin Sarki, na lu'ulu'u, cike da abin ramin nan, an kwarara masa ruwan akushi a kai. Ta dube shi, shi ma kamar yana dubanta. Allah Ya taimake ta 'ya'yan aljannu sun taru suna leƙe suna lashe baki. Ta tura musu, ta ce, "Ku ci, albarkacin baƙo." Kafin ƙiftawar ido sun sharce shi.

Ta ɗauki kwanon ta dirje shi da rairayi, ta ɗauraye da ruwan buta, ta sake dirjewa. To a nan ne ta yi abin da ko tunani ba ta yi ba. Duk 'yar mutunci ta san ba a mayar da kwanon mutane haka nan fayau. Ko goro ne, ko ɗan gishiri, sai ka saka. Hannunta da kansa ya kwance gefen zani, ya ɗauko daddawa ƙwaya uku, baƙaƙe, masu kyau, irin waɗanda ta ajiye wa miyar mai jego. Ta saka, ta rufe, ta ba ɗan aike.

Ba a jima ba kiɗa ya tsaya. Sai ihu. Masu rawa suka watse suna toshe hanci. Tsofaffin nan masu tofi, ɗaya ya kifa kai cikin akushin. Wata aljana ta suma. Sarkin Rakiya ya zo a guje, ya cusa gansakukar gemunsa a hanci, ya ɗauke Tabawa cak ya dire ta gaban Sarki.

Sarki Murjanu ƙato ne kamar rumbu, jikinsa duk ƙumba da ƙananan katantanwa sun manne, wani abu mai yauƙi yana zaune a kafaɗarsa kamar alkyabba. Ya ture kwanon da sanda, idanunsa na hawaye.

"Ya 'yar Adam, mun nuna miki lambunmu da kogonmu da dutsenmu. Mun aiko miki da abincin da ya shekara yana nuna. Sai ki saka mana da mushe? Tun da aka kafa tsibirin nan ba a taɓa kushe mu da irin wannan ƙazanta ba. A kai ta Maƙogwaron Kaka."

Tabawa ta manta da tsoro. Duk abin da ta haɗiye tun saukarta ya tsaya mata a wuya, amma ba shi ya fi ci mata rai ba.

"Ƙazanta? Daddawar tawa? Allah Ya ba ka nasara, kalwar nan da hannuna na dafa ta, na surfa, na wanke ta sai da ruwan ya fita fari, na rufe ta da ganye mai tsabta. Daga Tudun Ɗorawa har kasuwar gaba ba a taɓa samun tsakuwa a daddawata ba. A garinmu wanda ka girmama shi kake saka wa a kwano. Ban kushe ku ba, ko da kalma ɗaya, ga ɗan rakiyarku nan ku tambaye shi."

"Ba ta kushe ba," in ji Sarkin Rakiya ta cikin gemu. "Ta dai kusa."

"To wannan abin ci ake yi?" in ji Sarki.

"Wa ya ce maka haka ake cin ta? Komai ku sai ɗanye ko ruɓa... ko wanda ya daɗe. A ba ni tukunya da wuta. In abin da na dafa mushe ne, da ƙafata zan hau dutsen, ba sai an ɗauke ni ba."

Sarki ya dubi teku. Ruwa ya kusa gindin kwakwar farko. Ya ce, "A ba ta. Ko ta dafa ko ba ta dafa ba, ƙofarta ta kusa rufewa."

Ba su da tukunya, sai ƙwaryar wani ƙaton kunkuru. Ta wanke ta har sai da hannunta ya yi ja. Ta sa aka kamo kifi, ta kankare shi, ta fasa ciki ta zubar, aljannu suna salati irin nasu wai ta yar da wurin daɗin. Ta daka daddawa da barkono a kan dutse, ta tsinko wani ganye mai kama da alayyafo, ta kafa duwatsu uku, ta yi bisimilla ta ɗora.

Ai kun san halin daddawa. A hannu wari, a tukunya sarauniya. Da ta tafasa, sai iska ta juya. Waɗanda suka toshe hanci suka fara sassauta yatsu. Waɗanda suka gudu suka fara dawowa da gefe da gefe kamar ƙaguwa. Ƙamshin ya bi ta cikin itatuwa har bayan dutse.

Ta zuba a kwanon lu'ulu'un ta ajiye gaban Sarki. Ya tsoma yatsa ɗaya, ya lasa, fuska a murtuke. Ya tsoma biyu. Ya ajiye sanda. Ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya kafa kai, gumi yana karyo masa, ƙumbar jikinsa suna buɗewa suna rufewa. Fada ta yi tsit, ba ka jin komai sai zuƙa.

Can ya ɗago, miya a gemu, ya dubi sama ya ce, "Wai ni kam, wa ya ce mu zauna a tsakiyar ruwa ne? Kai! Wannan ko a kan dutse aka zuba ta sai a cinye dutsen. Ashe duk shekarun nan wahala muke ci!"

Sarkin Rakiya ya saki gemunsa. Ya yi ƙas, ƙas da hannuwa.

"Allah Ya ba ka nasara... santi ne."

"Wane irin santi? Magana nake yi."

"Santi ne, ranka ya daɗe. Kowa ya ji. Doka ta hau kan mutum da aljan."

Kafin a gama wannan, fadawa sun riga sun afka wa ƙwaryar kunkuru, suna warwaso, suna lashe yatsu. Wannan yana cewa a naɗa ta sarauniya, wancan yana cewa shi daga yau sunansa Daddawa. Ba wanda ya tsira, har Sarkin Rakiya, da ya lashi murfi ya ce kakarsa ma ba ta iya haka ba.

Sarki Murjanu ya sauko daga gadonsa, ƙasa tana girgiza, ya durƙusa gaban Tabawa. "Ya uwar gijiyata, na zama naki, ni da fadata. Mu tafi gidanki, mu zauna inda kika ajiye mu."

Tabawa ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi abin da ke kafaɗarsa yana zarar da yauƙi. Yanzu kam ba dokar da ta hau kanta.

"Gidana? Tir! Allah Ya kiyaye. In kai ka ina, rijiyar unguwa ka ɓata mana? Wa zai ƙara sayen daddawata in an gan ka a tsakar gida? Ka fi ƙarfin sabulu, bawan Allah. Da kai da tofaffen ruwanka da kogon kashinka, na yafe."

"Abin da aka mallaka ba ya yasuwa, sai dai a yi musaya," in ji Sarkin Rakiya.

"To a yi. Kowane ɗayanku ya fanshi kansa da mutum ɗaya daga cikin taɓon can, a wanke su a mai da su gidajensu. Shi kuma wannan babban, a ba ni waccan."

"Wacce?" in ji Sarkin Rakiya. "Fansar sarki ba a yin ta da nuni. Sai kin kira abin da kike so da sunansa, da bakinki, kowa ya ji."

Ruwa ya taɓo mata yatsun ƙafa. Tabawa ta tsaya. Shekara ashirin da wani abu sunan nan yana bakinta kamar garwashi, ba ta taɓa furta shi ba, ko ranar da yarinyar ta faɗa wuta tana rarrafe. Ta dubi taron, duk aljannu ne, ba ɗan Tudun Ɗorawa ko ɗaya da zai kai labari. Ta juya wajen matsirga, ta buɗe murya.

"Lantana! Lantana, taso ɗanki na kuka!"

Sai ga ta a guje ta cikin itatuwa, tana fizge furanni daga kanta, hannu ɗaya dafe da ƙirji. "Inna! Wayyo Inna, ina yarona? Wa na bar wa shi?" Ta tsaya turus. "Inna, ke kika kira ni?"

"Cire wannan ciyawar, kamar akuya. Mu je."

Ta yafa mata kallabinta, ta damƙi hannunta, ta ɗauki buta. Igiyar ruwa ta taso ta rufe su.

Sai ga su a tsakar ɗaki, jiƙe, ana kiran la'asar. Kyallu ta miƙo jaririn ta kan katanga, ya yi laushi kamar tsumma, ido a rufe. Lantana ta zube nan ƙasa ta sa shi a nono. Bai kama ba. Ta matsa masa a leɓe. Shiru. Tabawa tana tsaye, leɓunanta na motsi. Can sai ɗan bakin ya motsa, ya lalubo, ya kama. Ɗakin ya cika da ƙarar haɗiya.

Tabawa ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta ɗauki katantanwar da tsumma, ta jefa a turmi, ta dake ta lilis, ta kwashe garin ta zuba a masai, ta ƙone tsumman. Sannan ta ɗora ruwan zafi tukunya biyu, ɗaya na mai jego, ɗaya nata, ta ƙarar da sabulun ɗan kolin nan kaf a jikinta.

Mata suka cika gida. "Tabawa, an ce har teku kika je. Ina tsarabarmu?"

"Tsarabar me? Ƙarni? Ku gode wa Allah da rijiyarku."

Da aka kawo wa Lantana kunun kanwa, ta shanye tas. Ta ɗago tana murmushi ta ce, "Inna, sake faɗar sunan nan mana in ji."

"Ke, kiyaye ni."

Tun daga lokacin, duk ranar da Tabawa ta shanya daddawa, sai ta tarar ƙwaya uku sun ɓace daga gefen tabarma. A wurin sai jiƙaƙƙen sawu mai ƙarni, da wani ɗan kwano an ajiye, da lu'ulu'u ɗaya a ciki. Takan sa tsinke ta ture shi cikin kasko, ta bi sawun da toka da tsintsiya tana tsaki.

"Ƙazamai," take cewa. "Amma dai sun koyi mayar da kwano."

Ƙurunƙus kan ƙaguwa. Wanda ya je garin mutane, ya riƙe bakinsa, ya riƙe butarsa.